Wa ya biya kuɗin bincikenku na ƙarshen karatu?

Mai shago, Tawa: Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena yana shekarar ƙarshe a fannin noma, kuma bincikensa kan ruɓewar albasa a rudu ne, wato rumbun da manoma ke ajiye albasa. Jiya ya ajiye mini lissafi a kan kanta: kuɗin mota zuwa Galmi sau huɗu, ma'aunin zafi, sikeli, buga takardu. Jika ɗari da ashirin. Zan biya in Allah ya so, amma abin ya tsaya mini a rai, don aikin ai na ƙasa ne. Ku da kuka riga shi, ƙaƙa kuka yi?

Malamar lisai: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni innata ce ta sayar da tunkiyarta. Na gwada ruwan rijiyoyi goma sha biyu, maganin gwajin ya ƙare a ta bakwai, sauran na cika da kuɗin bursina. Littafin yana nan a akwati, ban taɓa jin wani ya nemi ya karanta ba.

Ɗan kasuwar albasa: Alhaji, don Allah ka biya masa, kada ka ja. Shekara goma sha biyar ina loda mota zuwa Abijan. Lokacin ɗibar albasa, wajen Maris da Afrilu, kasuwa ta cika, buhu ya faɗi ƙasa warwas. Wanda ya ajiye a rudu yana jiran damina, ya buɗe ya tarar ta tsira, ta ƙasa kuma ta zama ruwa, wari ya hana ka tsayawa. Daidai lokacin ne albasar Holan ke shiga kasuwa cikin buhun raga, busasshiya, girmanta ɗaya kamar an auna. A miya ba ta kama ƙafar ta Galmi ba, matan can ma sun sani. Ajiya suka fi mu, kuma ajiyar nan ilimi ne aka kashe wa kuɗi shekara da shekaru.

Tsohon ɗalibi, Yamai: Gaskiya ce. Mu tuna Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ta ɗauki sunansa a 1992. Ya shugabanci ONERSOL, ofishin hasken rana na gwamnati, aka ƙera na'urar dafa ruwa da rana a nan ƙasar. Da aljihunsa kaɗai ba zai yi ba. An buɗe jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram a 2010, aka ƙara Agadas, Difa, Doso da Tilaberi a 2014, na yi murna ƙwarai, don da can kowa sai ya haye gadar Kennedy zuwa jami'ar Yamai. To amma gini daban, kuɗin bincike daban. Nawa binciken, ni da abokina muka yi karo-karo.

Mushen firamare: Yayyena, ku yi mini uzuri. Ajina na zana ne, iska ta taso sai mu tashi. In gwamnati ta ce kuɗinta nan za su fara zuwa, ba zan ga laifinta ba. Ƴan kasuwar da za su ci ribar binciken fa, me ya hana su sa hannu?

Malamar lisai: Mushe, ka faɗi gaskiya, sai dai malamin da zai koyar a ajin naka ma wani ne zai horar da shi, shi kuma daga jami'a ya fito.

Ɗan kasuwar albasa: Mushe ya taɓo ni, kuma na karɓa. Alhaji, ina da rudu biyu kusa da Galmi, ɗaya tsoho ɗaya na bana. Yaron ya zo ya auna yadda yake so, ci da kwana a kaina. Sharaɗina ɗaya: in ya gama, ya zauna da manomana a gindin bedi ya faɗa musu abin da ya gano da Hausa.

Mai shago, Tawa: Allah ya saka da alheri, Alhaji. Na karanta masa, ya ce ya yarda. Laraba zai taso da motar safe. Yana tambaya ko rudun na bana yana da ƙofa ta gabas.