Shawarwari kan sulhu tsakanin sojin Kanada da 'yan asalin ƙasar

Mafi yawan waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu a wata tattaunawa kan yadda za a sulhunta sojin Kanada da 'yan asalin ƙasar sun yarda cewa sulhu zai fara ne daga amincewa da tarihi. Fiye da 'yan asalin Kanada 4,000 ne suka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, cikinsu har da Francis Pegahmagabow, gwanin harbi, amma da suka dawo gida da yawansu ba su samu filaye da tallafin da aka bai wa sauran tsofaffin sojoji ba, kuma sai a 1960 aka ba wa 'yan ƙabilun First Nations, wato rukuni mafi girma na 'yan asalin ƙasar, cikakken 'yancin jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya. Don haka aka ba da shawarar a riƙa koyar da wannan tarihi ga kuratan sojoji tun a sansanin horo, kada a taƙaita shi ga bikin tunawa da tsofaffin sojoji 'yan asalin ƙasar da ake yi ranar 8 ga Nuwamba kowace shekara.

An daɗe ana muhawara kan diyyar da ta kai har dalar Kanada 20,000 ga kowane mutum, wadda gwamnati ta yi tayin bai wa tsofaffin sojoji 'yan First Nations a 2002. Wasu sun ce ta zo a makare, bayan da dama daga cikin masu haƙƙin sun rasu, kuma a ganina suna da gaskiya.

Sauran shawarwarin sun shafi rayuwar bariki: a bar soja ya tara gashinsa bisa al'adarsa, a ware wurin ibadar gargajiya, sannan a riƙa jin ta bakin dakarun Rangers, sojojin sa-kai da yawancinsu a arewa 'yan asalin ƙasar ne, da ke sintiri a yankin ƙanƙara na arewa tun 1947 kafin a yanke hukunci kan yankunansu.