Wa za mu damƙa wa sandar? Kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai buɗe magana: Assalamu alaikum jama'a. Mun daɗe muna jan zancen nan: a ƙungiyarmu ta masu tambaya da amsa kan harshe, wa ya kamata a ba ikon tsawatarwa, da rufe gardama, da sallamar wanda ya ƙi ji? Yau ba ra'ayi nake nema ba, mun ƙoshi da shi. Wanda ya taɓa riƙe irin wannan sanda, ko aka taɓa riƙe ta a kansa, ya ba mu labarin yadda ta kaya.

Wata malamar sakandare: Wa alaikumus salam. Ni na taɓa riƙewa, kuma ni na ɓata. Wata ƙungiyar marubuta ce ta ɗora ni don ina da digiri a Hausa. Ranar nan wani dattijo ya rubuta "zamna", na gyara masa a bainar jama'a, na ce "zauna" ake cewa. Ya ce shi haka ya ji a bakin kakarsa. Na ce ai ba bakin kaka muke bi ba, daidaitacciyar Hausa muke bi, na rufe maganar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya har yau shi ne, na sani sarai cewa "zamna" da "amre" da "sabka" su ne tsofaffin siffofi, waɗanda Sakkwatanci ya riƙe, Kananci kuma ya mayar da su "zauna" da "aure" da "sauka". Mun karanta a jami'a, dokar Klingenheben ake ce mata, har jarrabawa na ci a kanta. Amma da yake ni ce mai amsa, ni ce kuma mai hukunci, sai na ga ja da baya zubar da girma ne. Dattijon bai ƙara dawowa ba. Mutum huɗu suka bi shi, duk masu karin harshen yamma, su ne kuwa masu kawo mana kalmomin da ba mu taɓa ji ba.

Wani mai fassara: Malama, Allah ya saka miki da wannan gaskiya. Tamu kishiyar taki ce. A wurin aikinmu wanda ya fi kowa zaƙin baki aka ba kalmar ƙarshe, wai ai shi a cikin harshen aka haife shi. Kunnensa ba ya kuskure, amma alƙalaminsa sai a hankali. "Zata zo" yake rubutawa, in ka ce masa "za ta zo" ne, "zata" kuwa daga zato take, sai ya ce kai za ka koya masa Hausa? Shekara biyu muna fitar da "ya na" maimakon "yana", babu mai bakin magana.

Wata ɗaliba: Ni "ƴaƴa" na rubuta, yadda aka koya mana a makaranta a Nijar. Shugaban ƙungiyarmu ya soke, ya ce "'ya'ya" ne, ya ƙara da cewa in je in koyi rubutu. Bai ma san ƙasashen biyu sun bambanta a wannan harafi ba. Kuka na yi ranar, wallahi.

Wani dattijo: Yi haƙuri 'yata. Mu a tamu ƙungiyar da farko ƙidaya muka bi: wanda ya fi yawan amsa tambayoyi shi ke hawa. Sai muka samu yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa da saurin fushi, cikin wata uku ya kori mutum shida. Da muka sake zaɓe sai muka ɗauko wata baiwar Allah da ba ta cika magana ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa kafin ta karɓa: duk gardamar da ta sa baki a cikinta, wani ne zai yanke, ba ita ba. In aka yi ja-in-ja kan kalma, sai ta sa a buɗe ƙamusun Bargery na 1934, sau da yawa a tarar ya kawo duka biyun, har ya nuna wadda ta Sakkwato ce ko ta Katsina. Nan take wuta ke mutuwa. Muka kuma ƙara da cewa ba a korar kowa sai mutum biyu sun amince, kuma shekara guda ake yi a sauka.

Wani ɗalibin jami'a: Baba, a gafarce ni, amma haƙuri kaɗai ba ya isa. Namu shugaban mutumin kirki ne, ba ya son ɓata wa kowa. Wani ya zo ya kafe cewa kalmar "Hausa" daga "hau sa" ta fito, ya yi ta maimaitawa kamar karatun allo, babu hujja ko ɗaya. Shugaba ya ce kowa da fahimtarsa. Yanzu sababbin shiga haka suke faɗa da bakin gaskiyarsu. Da ya san harshe ko kaɗan, da aƙalla ya ce a kawo madogara.

Dattijon: Gaskiyarka ɗana. Tamu ma ba jahila ba ce, ta san inda ake dubawa.

Mai buɗe magana: To Malama, tunda kin ga ramin da idonki, in muka ce ki karɓi tamu fa?

Malamar: In kun yarda da sharaɗin waccan baiwar Allah, zan duba. Amma ku ba ni mako biyu tukuna. Akwai dattijon da zan nemo lambarsa.