Ina masu ciwon afendis suka shiga a lokacin dokar kullen korona?

Ɗalibar jinya: Assalamu alaikum. A makaranta an koya mana cewa afendis, wato ɗan reshen hanjin nan da ke ƙasan ciki ta dama, ba ya jira, domin da zarar ya kumbura yana iya fashewa cikin kwana biyu zuwa uku. To, da aka kulle Legas da Abuja a ranar 30 ga Maris 2020, Ogun a farkon Afrilu, Kano kuma ta biyo baya a tsakiyar Afrilu, yaya masu wannan ciwo suka yi? Yawansu ne ya ragu, ko zuwa asibiti suka daina?

Likitan tiyata: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abin da asibitoci da yawa a Turai da Amurka suka ba da rahoto shi ne, masu zuwa sun ragu a watannin farko, amma kason waɗanda suka iso bayan afendis ɗin ya riga ya fashe ya ƙaru. Wasu masana na ganin cewa wani ɓangare na wannan ƙarin ya samo asali ne daga masu sassauƙan ciwo da suka zauna a gida har ya lafa musu, sai ya zama masu tsananin ciwo ne suka fi zuwa asibiti. Ni dai a ganina jinkiri ne babban dalili. Ciwon kan fara daga cibiya ya gangara ƙasan ciki ta ɓangaren dama, tare da amai da rashin son abinci da zazzaɓi, kuma zazzaɓin nan shi ne abin da mutane suka fi tsoron bayyanawa a lokacin, gudun kada a ce korona ce a killace su. Ga rashin abin hawa, ga shingayen jami'an tsaro, ga asibitoci masu zaman kansu da suka rufe. Wanda aka yi wa aiki da wuri yakan koma gida cikin kwana biyu ko uku, amma idan ƙazanta ta bazu a cikin ciki, sai a yi mako ko fiye ana fama da rauni mai ruwa, wani ma a rasa shi.

Likita a Ingila: Ina so in ƙara a kan bayanin abokin aikina. A Maris 2020 ƙungiyoyin likitocin tiyata na nan sun shawarce mu da mu yi taka-tsantsan da aikin kyamara da ake yi ta ƙananan huji, saboda fargabar iskar da ake hura wa ciki za ta iya ɗauko ƙwayar cutar korona, kuma mu gwada maganin kashe ƙwayoyin cuta ga wanda nasa bai fashe ba. Binciken CODA, wanda aka yi a Amurka kan mutum 1,552 aka wallafa a Oktoban 2020, ya nuna cewa kusan bakwai cikin goma na waɗanda aka ba magani ba su buƙaci aiki ba cikin kwana 90. Sai dai binciken APPAC na Finlan ya nuna cewa kusan huɗu cikin goma na waɗanda aka ba magani ciwon ya dawo musu cikin shekara biyar.

Mai harhaɗa magunguna: Likita, Allah ya saka da alheri, amma ina roƙon masu karatu kada su ɗauki wannan a matsayin izinin sayen kafso a kemis. Waɗancan marasa lafiya sai da aka ɗauki hoton cikinsu aka tabbatar da ciwon, kuma likitan tiyata yana kusa idan abu ya ɓaci. A wajenmu kuwa, a lokacin kulle mutane da dama sun riƙa ɗaukar duk wani ciwon ciki mai zazzaɓi a matsayin taifod ko olsa, maganin rage zafi yana rufe alamun alhali kumburin yana ci gaba. Wanda ciwonsa ya tsaya a ƙasan ciki ta dama, yana ƙaruwa idan ya yi tari ko tafiya, a kai shi sashen gaggawa a ranar, kuma kada a ba shi abinci ko maganin wankin ciki kafin likita ya duba shi.