Tiyatar yaran da cutar shan inna ta nakasa: ya dace baƙon likita ya koyi hannu a kansu?

Ƙaramin Likita: Assalamu alaikum. Ina samun horo kan tiyatar ƙashi a Ingila, inda ban taɓa ganin yaro mai shan inna ba, domin rigakafi ya kawar da cutar tun da daɗewa. An gayyace ni aikin sa kai na mako biyu a Indiya, wadda aka tabbatar ta rabu da cutar a 2014 amma har yanzu akwai ɗimbin waɗanda ta nakasa. Ina son zuwa, sai dai zuciyata ba ta kwanta ba: shin taimako zan kai, ko kuwa hannu zan koya a jikin 'ya'yan talakawa?

Tsohon Likitan Ƙashi: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka je, amma a matsayin ɗalibi, ƙarƙashin likitan wurin. Sassauta jijiyar da ta ɗaure ƙugu ko gwiwa, da tsawaita agarar dunduniya, ba su ne masu wuya ba. Abu mai wuya shi ne sanin wanda ya kamata a taɓa. Sai ka auna ƙarfin kowace tsoka daga 0 zuwa 5, sannan ka duba hannuwa, domin yaron da ke rarrafe, idan hannuwansa ba za su iya riƙe sanduna ba, miƙar masa da ƙafafu na iya raba shi da ɗan motsin da yake da shi. Wannan ilimi a hannun waɗanda suka daɗe suna aikin yake, kamar yadda likitan ƙashi Ronald Huckstep, wanda ya daɗe yana kula da masu shan inna, ya tara nasa a Yuganda.

Mai Gashin Ƙashi: Ranka ya daɗe, ina ƙara abu ɗaya. Na taɓa karɓar wata yarinya da wasu baƙi suka yi wa aiki suka tafi, ba a yi mata takalmin ƙarfe ba bayan cire filasta, ƙafar ta sake lanƙwashewa, kuma abin yana damuna har yau. Likita, kafin ka sayi tikiti ka tambaya: wa zai duba yaran bayan wata shida, kuma wa zai sauya takalmin idan sun girma?

Ƙaramin Likita: Na gode, Baba, na gode Malama. Zan rubuta musu waɗannan tambayoyi yau, kuma zan nemi a sanar da iyaye cewa ni mai koyo ne.