Wata tara da tiyatar mama, har yanzu hammata na zogi: ku yaya kuka ji?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata tara ke nan da aka cire min maman hagu haɗe da kaluluwar hammata saboda ciwon daji. Ɗinki ya warke tuntuni, amma daga hammata zuwa cikin damtse kullum kamar an shafa barkono, kuma in na mintsini wurin ba na ji. A gida kowa "ki gode Allah an cire cutar" yake ce min, kuma wallahi ina godiya. Tambayata, wane ciwo ne na zama da shi, wanne ne kuma haƙuri bai kamace shi ba?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Ni shekarata shida. Likitana sai da ya zana min a takarda: akwai jijiyar da ta fito daga tsakanin haƙarƙari ta ratsa hammata ta shiga damtse, in za a kwashe kaluluwa da wuya a bar ta lafiya. Shi ya sa fata ta mutu amma tana ƙuna. Nawa ya lafa a shekara ta biyu, bai tafi ba, in hunturu ya shigo sai ya motsa. Abu uku nake auna shi da su: in samu barci, in ɗaga hannu in yi kabbara, in ɗaura ɗankwalina da kaina. Muddin ina yin waɗannan, mun zama maƙwabta ni da shi. Tuƙin tuwo kam na sallama wa jikoki, dama na gaji.

Anti Malama: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, amma ni haƙurin nan ne ya cuce ni. Shekara guda cur ina haɗiyar parasitamol da diklofenak har cikina ya fara ciwo, a banza. Rubutun allo ya gagare ni, sai ɗalibi nake kira ya rubuta. Duk zuwa asibiti a duba tabo a ce "ya yi kyau", ni kuma kunya ta hana ni magana ganin layin da ke waje. Ranar da na gaji na ce ciwona bakwai ne cikin goma, kuma sau uku yake tashe ni a dare, nan take aka ajiye biro aka dube ni. Ashe zogin jijiya maganinsa daban. Aka ɗora ni kan amitiriftilin kaɗan da daddare. Makon farko baki a bushe, da safe kamar an yi min duka, sai wajen mako na uku na ji bambanci. Yanzu yana uku, wani lokaci huɗu. Uku zan iya. Kuma don Allah kada wani mai kemis ya miƙa miki tiramol ki karɓa.

'Yar Maraɗi: Nawa daban ne, Yaya. Bayan gashin na'ura a Yamai, wato haska wurin don ƙone ragowar cutar, sai wani abu kamar igiya ya miƙe daga hammata har gwiwar hannu, ana ganinsa in na ɗaga. Shanya ta gagara. Masu gashin ƙashi suka koya min hawa bango da yatsu, kullum ina sa alama da gawayi inda na kai. Yau alamar ta wuce saman ƙofa.

Ummu Sadik: Ni ba a yi min ba, mahaifiyarmu na yi jinya, Allah ya jiƙanta. Zogin tabonta ta san shi kamar tafin hannunta. Wani sabo ne ya zo a tsakiyar baya, ba ya jin kwanciya ba ya jin zama, cikin dare ya fi tsanani. Muka ce tsufa ne, muna ta shafa man zafi wata huɗu. Da aka yi hoto cutar ta shiga ƙashi. Ba tsoratar da ke nake ba, abin da kika faɗa bai yi kama da nata ba. Amma in baƙo ya zo a wani wurin, kuma kullum gaba yake yi, kada ki jira ranar da aka rubuta miki.

Hajiya Babba: Allah ya gafarta mata, ya sa jinya ta zama kaffara.

Sista Nas: Amin. A wajenmu duk ciwon da ya haura wata uku da tiyata ana ɗaukarsa matsala ce mai zaman kanta, ana kuma yi mata magani. Wanda ba a kwana da shi: hannu ya kumbura ya yi ja da zafi ga zazzaɓi, ko ƙafafu su fara rauni tare da ciwon baya. Sabon ƙullutu a kan tabo, ko tarin da ya ƙi tafiya, a nuna cikin makon. Masu shan letirozol kuma, ƙwayar da ake ba wasu don hana cutar dawowa, yana sa ciwon gaɓoɓi musamman da safe. Kada a daina shansa a ɓoye, a faɗa wa likita, akwai wanda ake canzawa.

Maman 'Yan Biyu: Ni kan nonon da babu shi ne ke min ƙaiƙayi, in kai hannu in tarar da wayam. Na ɗauka taɓuwa na fara, sai da nas ta ce an saba ji.

Maman Ilham: Na gode, Allah ya bar zumunci. A ma'aunin Hajiya na ci biyu, barcin ne babu. Na samo littafin Ilham na makaranta ina rubuta lamba safe da dare, jiya shida, yau biyar. Talata zan koma da shi. Wai ku wace irin riga kuke sawa a ciki? Ko ɗinkin hammatar atamfa ya goge ni sai na ji har ƙwaƙwalwa.

'Yar Maraɗi: Singiletin auduga ta maza, ki juya ta bai-bai ɗinkin ya koma waje. Ta maigida na fara sata.