Baba na Gidan Ruwa Zai Ajiye Sifana

Sakatariyar sashe:
Assalamu alaikum, 'yan sashen ayyuka. Takardar Baba na gidan ruwa ta fito. Ya cika shekara 65, wa'adin da dokar jami'o'i ta 2012 ta yanka wa duk ma'aikacin da ba farfesa ba, ƙarshen watan nan zai miƙa makullai. Na buɗe da amsa-amon "wa", kowa ya ɗora.

Da sunan Allah nake fara waƙa,
Mai saukar da ruwa domin kowa.

Takardar Baba ta zo teburina,
Ina karatu, hawaye na zubowa.

Ɗalibi kan murɗa famfo da asuba,
Da wanda ya kwana tsaye ba ya tunawa.

Mai wuta:
Hajiya, kin sosa mini inda ke ƙaiƙayi.

Ni da Baba hanta ce da jini,
In wuta ta ɗauke, ruwa na tsayawa.

Daren da iskar farkon damina
Ta kwantar da falwaya, rufi na rawa,

Tiransifoma shiru, ga jarrabawa gobe,
Tankin ɗalibai yana ƙarewa,

Shi ya riƙe min tocila har ƙarfe uku,
Janareta ya tashi, inji na jawowa.

Yaron Baba:
Yaya, ka gan shi dare ɗaya, ni kullum ina bayansa da jakar kaya. Ku yi haƙuri na tsawaita.

Na zo hannunsa ban san sifana ba,
Na rubuta tiredi-tes, jarrabawar sana'a, mataki na uku,
Ya zauna da ni har na haye na biyu,
Ranar da na samu na ɗaya ya kira ni,
Ya ba ni tsohon filayarsa kyautawa.

Yakan kafa sandar ƙarfe a ƙasa,
Ya ɗora kunne, ya ce mu yi tsit,
Ya ce: "Ɗana, haƙa nan, taku biyu."
Mu haƙa, sai ga bututu ya tsage,
Ruwan watanni a ƙasa na tsiyayewa.

Da rani in ya hangi ciyawa shar,
Ita kaɗai a fili duk ya bushe,
Ba ya wucewa sai ya duƙa.
Da damina in ruwan dam ya yi ja,
Ya ƙara alam, laka na kwantawa.

Kulorin kuwa ba ya bari a kintata,
Sai an auna, sai an rubuta,
Yakan ce cikin mutane ne amana,
Dubban 'ya'yan jama'a ke sha,
Iyayensu na gida suna dogarawa.

Inna mai shara:
Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ni ba gwanar baiti ba ce, ga nawa biyu.

Tsintsiya da bokiti su ne kayana,
Ba ruwa, bayin ɗalibai ba shiguwa.

Ban taɓa kai masa kuka ya share ni ba,
"Inna, ina tafe," kuma yana tahowa.

Kafinta:
Yabo ya yi kyau, amma akwai abin da ke hana ni barci.

TETFund, asusun manyan makarantu, na gina manyan benaye,
Mu ne da riƙo bayan an yi buɗewa.

Sabon gini da zanensa a ofis,
Tsohon bututu fa, wa ke ganowa?

Taswirarsa tana cikin kan Baba,
Ko wace mararraba, ko wace karkatawa.

Kafin a yanka rago a ba shi lamba,
A bi shi da littafi ana rubutawa.

Sakatariyar sashe:
Malam, ka yi gaskiya. Gobe zan shigar da maganar wurin Darakta. Baba, ana jiranka.

Baba na gidan ruwa:
'Ya'yana, jikata ce ta karanta mini a waya, ita ke rubuta wannan.

Na gode Allah, na gode muku,
Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kun san kuwa.

Wanda na ɓata wa rai a kan aiki,
Ya dubi Allah ya yi min yafewa.

Mai katako, zancenka na karɓa,
Abin da na sani ba na binnewa.

Litinin ƙarfe bakwai ku same ni,
Da jan fenti da littafin zanawa.

Bawul na farko na gindin darbejiya,
Bayan masallaci, nan za mu somawa.