Ciwon fankiriyas na giya: idan an daina sha, yana warkewa?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Wanda giya ta lalata wa fankiriyas (gaɓar nan ta bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci da insulin), likita ya ce ciwon ya zauna, yanzu kuma ya daina sha gaba ɗaya, zai warke kuwa? Me zai tarar nan gaba?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Naman da ya riga ya zama tabo ba ya dawowa, amma daina shan yana rage wa ciwon gudu sosai. Da farko ciwo ne a saman ciki da ke ratsawa har baya, ya tsananta bayan cin abinci, mutum sai ya duƙa gaba yake samun sauƙi. Shekaru na tafiya duwatsu na taruwa a bututun fankiriyas ɗin. Idan kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan narkar da abinci ya ƙare, wanda yakan ɗauki shekara 10 ko fiye, sai bayan gida ya koma mai maiƙo, mai wari, yana yawo a saman ruwa, mutum na ci yana ramewa. Ciwon suga na iya biyo baya. Ya bar taba ma, domin tana gaggauta duwatsun, tana ƙara haɗarin ciwon daji. Kuma paraga da agbo, wato jiƙon saiwoyin da ake jiƙawa da ogogoro (barasar gargajiya) a tasha, giya ne, ko da an ce maganin basir ne.

Maman Iman: Malam, ga inda aka fi kuskure. Ƙwayar narkar da abinci irin Creon tare da loma ake haɗiye ta, ba bayan an gama ba. Yawanci likita kan fara da awo 40,000 zuwa 50,000 a babban abinci, rabin haka a ɗan abin taɓawa. Kada a tauna ta, kada a bar ta cikin mota, zafin Legas yana kashe ƙarfinta. In ba ta yi aiki ba, ana ƙara yawanta ko a haɗa da omeprazole, maganin rage asid na ciki. Daga alade ake samo ta, don haka ya tambayi malaminsa hukuncin lalura, kada ya ajiye ta a ɓoye. A riƙa duba bitamin D ɗinsa, ƙashi yana yin rauni.

Baban Khalifa: Gaskiya ne, Hajiya. Sugan wannan ciwon kuma yana saurin faɗuwa ga mai allurar insulin, saboda sinadarin da ke ɗaga shi ma ya ragu. Kada ya ɗauki azumi sai ya ga likita. Tiramol na kemis ya guje shi, kama mutum yake yi. Idanu suka yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko bayan gida ya yi baƙi, a wuce da shi asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja ranar nan.